Kafin ma'aikaci ya ci bashi don sayen kyamara

A shekarar 1950 wani saurayi ɗan shekara 20 daga ƙasar Edo ta yau ya sayi ƙaramar kyamara mai suna Brownie D, irin wadda ba ta wuce akwati mai ido ɗaya ba. Bayan shekara 4 ya samu aikin yaron ɗakin wankin hoto a Ma'aikatar Yaɗa Labarai da ke Ibadan. Sunansa J.D. 'Okhai Ojeikere. Daga 1968 ya dukufa ɗaukar hotunan kitson matan Najeriya, har ya tara kusan dubu, kuma kafin rasuwarsa a 2014 an baje kolin aikinsa a manyan ɗakunan nune-nune na duniya. Wanda ya taɓa zama ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne ya bar wa ƙasa wannan taska, kuma da kyamarar talaka ya fara.

Labarinsa ya dace da ma'aikacin tarayya da ke Abuja wanda sha'awar ɗaukar hoto ta kama, domin tambayar farko da irinsa kan yi ita ce wace kyamara ce ta fi kyau. Tambayar da ta fi amfani ita ce wace kyamara ce albashinsa zai ɗauka ba tare da gidansa ya ji a jika ba. Sababbin kyamarori na masu koyo, haɗe da idonsu, wato gilashin da ake ɗaura musu a gaba, sukan kama daga dala 500 zuwa 1,000 a ƙasashen da ake sayar da su. Tun bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta haura naira dubu ɗaya. Ke nan kyamarar dala 600 ta zarce naira 600,000, fiye da albashin wata 8 na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Wanda ya nufi asusun adashin ma'aikata ya ci bashi irin wannan domin abin da bai riga ya gwada kansa a kai ba, ya sayi kura da kuɗin akuya. Sha'awa takan huce cikin wata 3, amma cire kuɗi daga albashi yakan kai shekara.

Saboda haka mataki na farko ba ya cin ko sisi. Wayar da ke aljihu ta isa gwaji. Mai sha'awa ya ɗauki wata 2 yana fita da ita da niyyar ɗaukar hoto kawai, sau ɗaya ko biyu a mako. Idan ya iske kansa yana tashi da asuba ranar Asabar domin ya riski hasken safiya a bakin tafkin Jabi, ko yana jin haushin yadda wayar ta kasa kamo tsuntsu daga nesa, ko ta dagula fuskar yaro a ɗaki mai duhu, to ya gano ainihin abin da yake nema a kyamara. Idan kuwa makonnin suka wuce bai fita ba, ya tsira da kuɗinsa.

Wasu za su ce idan waya ta isa gwaji, me zai hana ta isa har abada? Hujjar tana da ƙarfi, kuma ga mutane da yawa gaskiya ce. Sai dai akwai bambanci na zahiri. Faifan da ke karɓar haske a cikin kyamarar masu koyo yana da faɗin kusan milimita 23 da tsayin milimita 15, ya ninka na yawancin wayoyi sau da yawa, shi ya sa hotonsa ke fita da tsabta bayan magariba. Bugu da ƙari, kyamara tana tilasta wa mai ita ya koyi abubuwa uku da waya ke yanke wa hukunci a madadinsa: girman ƙofar da haske ke shiga, tsawon lokacin da ƙofar ke zama a buɗe, da ƙarfin jin haske da ake kira ISO. Wanda ya san cewa kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa yana tsayar da doki a guje ranar hawan salla, kashi ɗaya cikin 30 kuma yana mayar da shi inuwa, ya mallaki ilimin da ba ya tsufa. Sannan kyamara ba ta karɓar kira. Ga hadimin da wayarsa ba ta yin minti 10 ba ta yi ƙara ba, wannan kaɗai babbar riba ce.

Idan lokacin saye ya zo, ta hannu ta fi dacewa da mai koyo. Kamfanonin Canon da Nikon sun karkata ga ƙera kyamarori marasa madubi a ciki, lamarin da ya sa tsofaffin masu madubi, irin su Nikon D3500 da Canon EOS 2000D, suka yi sauƙi a kasuwar kayan hannu. Dukansu biyu suna da megafiksel 24, alhali hoton da za a buga a cikakkiyar takardar A4 da kyau bai buƙaci fiye da megafiksel 9 ba. Mai shago zai yi ta kururuta yawan megafiksel, amma ido mai kyau ya fi shi tasiri. Idon milimita 18 zuwa 55 da kan zo tare da kyamarar ya wadatar a shekarar farko. Bayan nan idon milimita 50 mai buɗewar f/1.8, wanda yana cikin mafi araha, zai ba da hoton fuska mai fitar da mutum daga abin da ke bayansa.

Sayen kayan hannu kuwa yana son natsuwa, ko a Banex ne ko wurin wani mai ɗaukar hoton biki da ke son canji. Mai saye ya nemi a nuna masa adadin hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka, domin irin waɗannan an ƙera su ne su kai kimanin 100,000, kuma ta masu biki takan ci rabin wannan cikin ɗan lokaci. Ya haska fitila cikin idon ya duba ko akwai zare-zare kamar saƙar gizo, alamar furfurar da danshin damina ke haifarwa. Ya ɗauki hoton farin bango ya buɗa shi sosai don ganin tabon ƙura. Ya ware kuɗin batir na biyu da memori da jaka tun kafin ya shiga ciniki. Abuja tana da maƙiyan kyamara biyu, ƙurar hunturu da raɓar damina, don haka ba a sauya ido a fili lokacin hazo, kuma ba a ajiye kyamara a rufaffen kabad mai danshi.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi muhimmanci ga ma'aikacin gwamnati. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan da ranta, kuma ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro ba tare da izini ba. Barikin soja, kewayen fadar shugaban ƙasa, shingen jami'an tsaro da ofisoshin jakadanci wurare ne da ɗaga kyamara zai iya jawo wa mutum tambayoyin da katin shaidar aiki ba zai amsa ba. Haka cikin ofis: takarda ɗaya da ta fito a gefen hoton walimar ritaya ta isa ta jawo takardar tuhuma. Ga mutane kuwa, ladabi ya riga doka. Mai tallar gwanda a Wuse da almajiri a bakin masallaci ba kayan ado ba ne. A yi sallama, a nemi izini, a nuna musu hoton, idan suka ƙi a haƙura. Hoton yaran wani ba ya hawa Facebook sai da yardar iyayensu.

Hadimai suna da nasu tarkon. Da zarar maigida ya ga kyamara a kafaɗar yaronsa, ta zama kayan aiki, kuma duk ƙarshen mako ya koma na ɗaurin aure da ta'aziyya da taron siyasa. Wanda ya sayi kyamara domin ya huta da aiki, ya bar ta a gida ranar aiki.

To me za a ɗauka? Abuja gari ne da ke sauya kama fiye da yadda mazaunansa ke lura. An kafa dokar gina shi a 1976, gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba 1991, kuma tun daga lokacin ƙauyukan Gbagyi ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Mutanen tsohuwar Wuse ma can Sabon Wuse a Jihar Neja aka mayar da su. Hoton dutsen Zuma yana jikin tsohuwar takardar naira 100, ba ya buƙatar wani mai ceto. Abin da ke neman mai ɗauka shi ne mata masu ginin tukwane a Ushafa, layin masu jiran mota a Nyanya da ƙarfe 6 na safe, mai shayin da ya shekara 20 a bakin sakatariya, da filin ƙwallon unguwa da baɗi zai zama rukunin gidaje. Ma'aikacin da ke bin hanyar Kubwa ko Lugbe kullum ya fi kowane baƙon ɗan jarida sanin waɗannan wurare da lokacin da haske ke sauka a kansu.

Ƙa'idar aikin gwamnati ta ce mutum zai ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Da yawa sukan kai wannan rana ba su da wani abin yi da ya wuce fayil da taro. Wanda ya fara yau da kyamarar hannu da bai ci bashi a kanta ba, yana buga hotuna goma mafi kyau a kowace shekara yana rubuta wuri da kwanan wata a bayansu, zai bar ofis da abin da zai cika safiyarsa, kuma jikokinsa za su ga Abujar da ya sani.