Ido, wa ka raina?

A fitowar da ta wuce, wani kamarad daga cikinmu ya rubuta cewa Nijar ba ta da manyan makaɗa. Hujjarsa guda ce. Wai a nuna masa ƙungiya ɗaya ta ƙasar nan da za ta cika filin wasa na Seyni Kountché ita kaɗai, ba tare da an ɗauko baƙo daga Legas ko Bamako ko Abijan ya ja mata jama'a ba. Ya ƙara da cewa waɗanda muke kira manyan, a gidajen biki suke ƙare rayuwarsu, ƙarƙashin rumfa, tsakanin kujerun roba da tukwanen shinkafa. Na karanta sau biyu. Kamarad, ba zan kama sunanka ba tunda gobe ma a amfi ɗaya za mu zauna, amma wallahi ka ɗauki mudu kana awon yadi.

Bari in ba ka labarin rumfar da ka raina.

Bara, bayan babbar salla, aka yi bikin yayar wata ƙawata a wata unguwa ta nan Yamai. An tare lungu da benci, an kafa rumfa biyu, an shimfiɗa darduma ɗaya a tsakiya. A kan dardumar nan mutum biyar ne da gita biyu, da bas, da kalangu, da saitin ganguna wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da waya. Ba zan faɗi sunan ƙungiyar ba don kada a gane gidan, amma ka san su, kowa ya san su, kuma fasfo ɗinsu ya sha tambarin ƙasashen da ni da kai a taswira kawai muke ganinsu. Tsakanina da mai gita taku uku ne. Ina ganin yadda yake cije leɓe in zai hau sama, ina ganin zufa na bin wuyan gitar.

Abin da ya riƙe ni shi ne idon mai ganga. Sam ba ya kallon abokansa. Ƙafafun wata tsohuwa yake kallo, gwaggon amarya, wadda ta shigo fili da mayafinta ɗaure a ƙugu. In ta sassauta, ya sassauta. In ta taka da ƙarfi, ya ba ta. Sauran huɗun shi suke bi, shi kuma ita yake bi, wato a wannan mintin tsohuwar nan ce shugabar ƙungiyar da ta zagaya Turai. Can sai kuran ya ɗauke, gitoci suka mutu, lungu ya yi duhu. Mai kalangu bai tsaya ba, mata suka kama tafi, mawaƙin ya ajiye mikro ya ci gaba da muryarsa tsurarta, mu muna amshi, har aka tada injin wuta. Da gitar ta dawo, daidai inda tafinmu ya kai ta faɗo, sai guɗa ta ko'ina. Ni dai ban taɓa jin kiɗa ya shige ni haka ba.

To da aka tashi fa? Can bayan gida aka shimfiɗa musu tabarma kusa da inda aka jera babura, aka kai musu abinci bayan kowa ya ci. Da kunnena na ji wani kawun ango yana cewa, "Hajiya, a sallami maroƙan nan su tafi, dare ya yi." Kuma sai da aka yi ciniki da su kan kuɗin da aka riga aka yanka tun sati biyu.

Tunda ilimin harshe nake karantawa, ka yi haƙuri in tsaya kan kalmar nan. Hausa tana gina sunan mai aiki da ma- a gaba: kiɗa ya ba mu makaɗi, waƙa ta ba mu mawaƙi, roƙo ya ba mu maroƙi. Sunaye uku ne, aiki uku ne, kuma a tsarin gargajiya kowanne da gurbinsa. Amma in muna son mu ƙasƙantar da mutum sai mu tattara ukun mu kira shi da na ƙarshe, mu share hannun da ya kaɗa da maƙogwaron da ya rera, mu bar tafin da ya karɓa. Mutumin nan guda, in ya sauka daga jirgi ya hau dandamali mai fitilu, sunansa ya canza. Ya zama "artis", da Faransanci, ana turereniyar ɗaukar hoto da shi. Gitar ita ce, yatsun su ne. Abin da ya canza kawai shi ne nisan da ke tsakaninmu da shi. Kakanninmu sun riga mu gano wannan ciwo: ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe.

Ka ce ba mu da manya. Mdou Moctar ɗan jihar Tawa ne, bahago, wanda ya haɗa gitarsa ta farko da wayoyin birkin keke. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da irin gyaran muryar nan na waƙoƙin finafinan Hausa, kuma waƙoƙin sun bazu daga salula zuwa salula, ta Bluetooth da katin memori, kafin wani kamfani ya san da shi. A 2021 kamfanin Matador na Amurka ya fitar masa da Afrique Victime, manyan jaridun kiɗa na can suka yi ta yabo. A ina ya koyi riƙe jama'a? A bukukuwa. Ƙungiyar Etran de l'Aïr ta Agadas tun 1995 ƴan uwa ne da suke kiɗan aure, sau da yawa na gidajen da ba su da ƙarfin ɗauko masu tsada, kuma sai a 2018 kamfanin Sahel Sounds ya fitar da faifansu na farko a waje. Shekara ashirin da wani abu a ƙarƙashin rumfa kafin Bature ya ji su. Ga Tal National a nan ƙofar gidanmu, ƙungiyar Almeida, mutumin da ya yi aikin alƙalanci da rana yana riƙe gita da dare. An san su da wasan awa biyar a dare ɗaya, dare biyar a sati, da yawan makaɗan da za su iya rabuwa biyu su yi wasa a wuri biyu lokaci guda. Da kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da Kaani a 2013, abin da ya ba masu sauraro mamaki shi ne yadda ƙungiyar take haɗe kamar mutum ɗaya. To ai ba a ɗakin gwaji ake samun wannan haɗuwa ba. Sai an yi dare dubu ana kallon ƙafar masu rawa.

Ga abin dariyar. Waɗannan mutane in sun je Turai da Amurka, ban da lokacin manyan bukukuwan kiɗa, yawanci a ƙananan kulob suke wasa, mutane su sayi tikiti tun da sauran makonni, su tsaya a tsaye kafaɗa da kafaɗa, su koma gida suna alfaharin cewa sun gan su kusa. Abin da wancan yake biya da kuɗinsa yana godiya, mu a lungunmu muke samunsa kyauta, da shinkafa a kai, muna hira muna danna salula, har muna cewa a rage sauti.

Yanzu bari in ba ka labarin babban zauren da kake so. Na je sau ɗaya, na biya jika biyar daga cikin bursu, kuɗin da ya isa cefanen kwanaki. An ce ƙarfe takwas, tauraron ya fito sha ɗaya ta wuce. Layukan gaba na VIP ne, rabinsu ba kowa, sauran manya ne da suka zo a gan su. Mu muna can baya, a allon salular na gabana nake kallon mutumin da na biya in gani. Ba makaɗi ko ɗaya a dandamalin. Dije ya danna, muryar faifai ta tashi, shi kuma yana motsa baki yana tsalle, lokaci lokaci ya yi ihu mu ɗaga hannu. Wannan shi ne plebak, kuma kowa a zauren ya sani. Da sono ya sarƙe na ɗan lokaci, sai aka ga mutum tsaye da mikro a baki ba abin da ke fita. Ka tuna abin da ya faru a lungu da kuran ya ɗauke, ka gwada biyun, sannan ka faɗa mini wanne ne babba.

Akwai abin da ya fi damuna, kuma shi ne ya sa na ɗauki bik. Kiɗanmu zance ne tsakanin mutum biyu. Shi ya sa muke da ƴan amshi, muke da kirari da zuga, muke da liƙi inda mai rawa zai tako har gaban mawaƙi ya manna masa kuɗi a goshi, shi kuma ya saka sunansa da na kakansa cikin baitin da bai wanzu ba minti ɗaya da ya wuce. Ɗan Anace a filin dambe yake waƙa, yana ganin Shago, Shago yana jin sa. A bikin da na ba ka labari, mawaƙin da Zabarmanci ya fara. Da aka raɗa masa cewa dangin ango Adarawa ne, sai ya juya Hausa, kuma irin tasu, fa ta koma hwa, ne da ce suka koma na da ta, tsofaffi suka fashe da dariya suna jifansa da kuɗi. Ya hango wani Bafulatani zaune kusa da Babarbare, ya tsokano wasan da ke tsakaninsu, wuri ya kaure. Wasan nan na taubasantaka sai da UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2014 sannan wasunmu suka fara rubuta makala a kansa, alhali ga shi nan da ransa kowane ƙarshen mako a bakin mawaƙan biki. Malamanmu suna tura mu ƙauye da rakoda mu tattaro karin harshe. Ni a dare ɗaya, a lungu ɗaya, na ji harsuna uku da karin Hausa biyu, da kalmomin da ban taɓa gani a ƙamus ba. Duk wannan yana buƙatar mawaƙi ya ga fuskarka. Daga taku ɗari, da fitila a idonsa, ba Ba'adare yake gani ba, ba Bafulatani ba, duhu kawai yake gani mai ɗaga salula, don haka abin da ya rera jiya a wani gari shi zai maimaita maka yau.

Na san abin da za ka ce, kuma wani ɓangarensa gaskiya ne. Ƙaramin wuri ba ya biya. Mutum ya yi awa biyar yana kiɗa ya tashi da abin da bai kai kuɗin gyaran lasifikarsa ba, ga raini a kai. Makaɗanmu sun cancanci babban zaure da sono mai kyau da kuɗi mai kauri, ban ce a hana su ba. Sannan ƙananan wuraren da ake wasa kullum a Yamai, da yawansu mashaya ne. Ni ɗiya mace ce, ba zan shiga ba, in ma na shiga labari zai riga ni isa Maraɗi, kuma yawancin samarin da ke karanta wannan takarda su ma ba za su so a gan su can ba. Saboda haka wanda ba ya shiga mashaya sai ya jira a gayyace shi biki. Wannan matsala ce ta gaske. Amma maganinta a samar da ƙananan wurare masu mutunci, a kuma biya makaɗi hakkinsa. Gina wa kanmu mafarkin filin ƙwallo ba zai ƙara wa mai kalangu ko dala ba.

Kuma wuraren ai suna nan. Kowane babban gari yana da gidan matasa da al'adu. A Yamai ga cibiyar Oumarou Ganda, ga cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya. Ga farfajiyar makarantunmu, wadda muke cikawa da kujeru duk lokacin da za a yi taron jawabai. Mu nawa ne a wannan ƙungiya ta marubuta? Muna haɗa kuɗin fotokopi kowane wata ba wanda ya mutu. In ɗalibi ɗari biyu suka ba da jika guda guda, an samu abin da za a kira ƙungiya ta gaske, da ganga da gita, ta yi wasa bayan la'asar a tashi kafin isha, mata su zo, ƙannenmu su zo, a biya su cif kafin su kwance kaya, a kuma ba su kujera da abinci tare da kowa.

Ina gaggawar faɗin haka ne don rumfar ma da kake rainawa tana kuɓuce musu. Bukukuwa uku na je bayan wancan, duka ukun dije ne da kile ɗinsa na USB da lasifika biyu, don ya fi araha kuma ba ya cin abinci da yawa. A na ƙarshen har waƙar ƙungiyar nan ta lungu aka saka, muryar mutumin nan da na gani taku uku daga gare ni. Wata dattijuwa ta shiga fili ta taka, ta sassauta don ta ja numfashi, kiɗan ya wuce ya bar ta. Ta ɗan tsaya, ta gyara mayafi, ta koma ta zauna.

Kamarad, ƙanwar ƙawata za a aurar bayan damina, kuma na ji ana gardama a gidan tsakanin dije da makaɗa. In makaɗan suka yi nasara zan karɓo maka kati. Ka zo da wuri ka samu bencin gaba, gefen mai ganga.