Ra'ayinmu: Ba kowane ciwon gaɓɓai ba ne "sanyi", a gwada ciwon hanta

Da zarar hunturu ya kankama, ƙorafin ciwon gaɓɓai kan yawaita a Bodinga da Shagari, kamar sauran sassan jihar Sakkwato. Mai ciwo yakan ce sanyi ne ya kama shi, sai ya je kemis a haɗa masa ƙwayoyi, ko ya kira wanzami ya yi masa ƙaho. Sau da yawa gajiya ce ko tsufa. Amma akwai waɗanda asalin ciwonsu ƙwayar cutar hanta ce nau'in C, ba su sani ba.

Wannan ƙwayar cuta, wadda aka gano a 1989, takan shafe shekaru a jiki ba tare da idanu sun yi ɗorawa ba. Tana ta tsokanar garkuwar jiki, har garkuwar ta ruɗe ta koma yaƙar mai ita. A jinin wasu masu cutar akan samu wasu sinadarai da likitoci ke kira kirayogulobulin, waɗanda kan dunƙule idan an yi sanyi, su jawo kumburin ƙananan hanyoyin jini. Daga nan sai ciwon gaɓɓai, da kasala, da ɗige-ɗige masu duhu a ƙwauri, da jin ƙafafu kamar ana tsira allura. Wasu idanunsu da bakinsu kan bushe. Mafi muni shi ne ta taɓa ƙoda, ƙafafu su kumbura, fitsari ya riƙa kumfa.

Haɗarin shi ne a yi ta maganin alama a bar tushe. Yawan shan diclofenac ba bisa ƙa'ida ba yana ƙara wa ƙodar da ta fara rauni nauyi. Irin su dexamethasone kuwa suna kwantar da ciwon na ɗan lokaci, cutar tana ci gaba da cin hanta a ɓoye.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da alamar nau'in C. Ta jini ake ɗaukar ta: allurar da aka maimaita, jinin da ba a tantance ba, aska ko reza ɗaya da ta yi wa mutum goma aski ko tsaga ko ƙaho. Ba ta da rigakafi irin na nau'in B.

Sai dai tana warkewa. Magunguna irin su sofosbuvir da daclatasvir suna kawar da ita daga sama da mutum 95 cikin ɗari, galibi cikin mako 12. Idan ta fita, yawanci ɗige-ɗigen fata da ciwon gaɓɓai kan lafa, amma ɓarnar da ta daɗe a ƙoda ko jijiya ba lallai ta gyaru ba. Shi ya sa jinkiri ke da tsada. Masar ta fara gwada miliyoyin 'yan ƙasarta kyauta a 2018, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba mata a matsayin ƙasar farko da ta kai matakin zinare a hanyar kawar da cutar.

Muna kira ga gwamnatin jihar Sakkwato ta wadata asibitocin Bodinga da Shagari da kayan gwajin gaggawa, ta kuma umurci ma'aikatan lafiya su gwada duk wanda ya zo da ciwon gaɓɓai da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko kumburin da ba a san dalilinsa ba. Gwajin farko yana nuna an taɓa kamuwa ne kawai, sai na biyu ya tabbatar ko cutar na nan. Bai kamata manomi daga Sifawa ya bar gonarsa ya yi ta zirga-zirga zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo don wannan ba. A ɗauki jininsa a kusa da gida, a kai, a dawo masa da sakamako, a kuma sassauta kuɗin magani.

Sarakunan aska su ma suna da rawar takawa: kowane mutum da sabuwar rezarsa. Kai kuma mai karatu, idan mahaifiyarka ta shekara tana shan maganin sanyi ba sauƙi, ka kai ta a gwada ta kafin hunturu na gaba.