A Daina Shanya Yara a Tsaye

'Yan uwa malamai, duk wanda ya shekara ashirin a gaban allo ba ya bukatar a yi masa bayanin kumburin jijiyar ƙafa. Mun san nauyin da ke sauka a sharaɓa bayan an tashi daga makaranta, mun san jijiyoyin nan da ke murɗewa a bayan gwiwa kamar igiya. Mun daɗe muna ɗaukar wannan a matsayin ladan aikin koyarwa. Abin da ba za mu lamunta ba shi ne ganin alamun nan a ƙafar ɗan shekara 15 ko 16, sannan a ce masa ragwanci ne, ya koma layi.

Bari mu fara da yadda abin yake. Jinin da ya sauka ƙafa dole ne ya hau zuwa zuciya, kuma hawan tudu ne. A cikin jijiyoyin da ke mayar da shi akwai 'yan ƙofofi masu buɗewa sama kawai, naman sharaɓa kuwa shi ne famfon da ke tura jinin duk lokacin da mutum ya yi taku. Idan aka tsaya cik, famfon ya daina aiki, jini ya taru a ƙasa. Matsinsa a idon sawun baligi da ke tsaye ba motsi yana kaiwa wajen 80 zuwa 90 a ma'aunin da ake auna hawan jini, amma da ya fara tafiya sai ya faɗi ƙasa da rabin haka. Idan ƙofofin suka yi rauni, jini ya riƙa komawa baya, jijiya ta buɗe, ta kumbura, ta nannaɗe.

Masu kare tsohuwar al'ada za su ce wannan ciwon tsofaffi ne da mata masu ciki. A birnin Bochum na ƙasar Jamus, tun daga 1982, likitoci sun bi diddigin 'yan makaranta da suka fara dubawa suna da shekara 10 zuwa 12 har suka girma. Sun ga cewa komawar jini baya tana somawa ne a shekarun balaga, tun kafin ido ya ga kumburin. Wani bincike da aka buga a 1994 daga Faransa ya nuna ƙarfin gado: idan uwa da uba duka suna da matsalar, haɗarin ɗansu ya kai kashi 90 cikin 100, idan kuwa babu mai ita a cikinsu, kashi 20 ne. Ba mu ce asambuli ne ya halicci ciwon ba. Gado ne tushe. Amma a kowane layi akwai yaran da suka gaji raunin nan, kuma babu hedimasta ko firinsifal da zai gane su daga kan dandamali. Wanda ya tsayar da ɗari biyar awa guda, ya tsayar da su a ciki.

A lissafa tsayuwar yaro a yini ɗaya. Ya tako daga gida, ya tsaya asambuli ana maimaita sanarwar da za a iya liƙawa a allo. Ya shiga aji inda benci ɗaya ke ɗaukar shida, waɗanda suka rasa wuri su jingina da bango ko su durƙusa a ƙasa. Idan ya makara, a tsayar da shi a rana, ko a sa shi kama kunne. Idan babban baƙo zai zo, a jera su a bakin titi tun hantsi, baƙon kuma ya iso bayan azahar cikin mota mai sanyi. Bayan an tashi, yarinya ta ɗauki farantin talla, yaro ya tafi tsaron shago. Sai kuma a yi mamaki don ya ce ƙafarsa tana masa nauyi.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce, mu ma haka aka yi mana, ga shi mun zama mutane. To, a ɗaga ƙafar wando a ɗakin malamai a ga abin da muka zama. Ladabtarwa daban, lalata jiki daban. Ana iya sa wanda ya makara shara, ko ban ruwan shuke-shuke, ko rubutu, duk ayyukan da jiki ke motsi a cikinsu ko yake zaune. Tsayuwa wuri ɗaya ita ce horon da ya fi sauƙi ga mai bayarwa, shi ya sa ta yi farin jini, ba don an taɓa ganin ta gyara hali ba.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Kumburin jijiya a jikin matashi wani lokaci alama ce ta wata cuta. Idan ƙafa ɗaya ta fi ɗaya girma kuma akwai tabo ja ko shuɗi tun haihuwa, aikin likita ne. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, tana zafi tana ciwo, yana iya zama gudan jini ne ya toshe babbar jijiya, kuma wannan ba ya jiran gobe, domin gudan yana iya tafiya huhu. Ɗalibanmu masu sikila su ne suka fi shiga haɗarin gyambon idon sawu, wanda kan fara a shekarun nan ya ɗauki watanni bai warke ba. Ga samari kuma akwai irin wannan kumburi a jijiyoyin maraina, yawanci a hagu, yana samun wajen 15 cikin 100. Kunya ba za ta bar yaro ya faɗa ba, sai dai a ga yana yawan neman zama. Malamin da ya amsa masa da bulala ya rufe ƙofar da ta rage.

Idan makaranta ta yi shiru, gida zai nemi mafita, kuma sau da yawa wurin wanzami ake zuwa a yi tsaga ko ƙaho don a fitar da abin da ake kira mataccen jini. Jijiyar da ta kumbura idan aka yanke ta, jini ne ke tsartuwa. Ya kamata kowane malami ya san abin yi: a kwantar da yaro, a ɗaga ƙafar sama da ƙirjinsa, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a garzaya asibiti.

Ga hukumomi kuma muna da tambaya. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ware kuɗin da UBEC ke bai wa jihohi idan sun kawo nasu kason, kuma kujerun zama suna cikin abin da kuɗin ke yi. Tun 2006 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufar kula da lafiya a makarantu, wadda ta tanadi duba lafiyar ɗalibai. A makarantu nawa na wannan reshe aka taɓa ganin ma'aikacin lafiya ya duba ƙafar yaro? Ana samun kuɗin fentin katanga idan sufeto zai zo, na benci ne kullum ake jiran kasafi.

A taron reshe mai zuwa za mu gabatar da ƙudiri cewa asambuli kada ya wuce minti 15, a cire tsayuwa da durƙuso daga horon da ake bayarwa, a kuma daina jera ɗalibai a titi don tarbar kowa. Muna roƙon wakilin kowace makaranta ya zo da ƙidayar ɗaliban da ba su da wurin zama, aji-aji, domin da takardar nan za mu je SUBEB da ma'aikata.