Iskar da Ba a Saye ta Intanet

A garuruwan da ake nutso da tukunyar iska don nishaɗi, daga gaɓar Fulorida zuwa ta kudancin Ingila, akwai ƙorafin da masu ƙananan shagunan kayan nutso ba sa gajiya da maimaitawa. Mutum zai shigo, ya gwada tabarau na ruwa da rigar roba, ya cinye wa mai shago awa guda da tambayoyi, ya yi godiya ya fita, sannan ya sayi kayan a intanet da rangwame. Bayan wata biyu sai ga shi da tukunya a kafaɗa, yana son a cika masa iska. Masu shago suna kiran wannan butulci. Su ma masu saye suna da nasu kukan: tsada, kallon raini ga duk wanda ya shigo da kayan da ba a nan ya saya ba, da kuma ɗora wa sabon ɗalibi kayan da bai kai ga buƙatarsu ba.

Kowane ɓangare yana da abin kamawa, amma gardamar ta tsaya a kan farashin kaya, alhali abin da ya fi kaya muhimmanci yana bayan shagon, inda injin cika iska yake. Shagon nutso ya cancanci a riƙe shi gwargwadon yadda yake tsare ran abokin cinikinsa. Shi kuma abokin ciniki, idan ya sami irin wannan shago, haƙƙi ne a kansa ya biya cikakken kuɗin wannan tsaro.

Kafin a gane dalili, sai an san yadda sana'ar ta ginu. A 1943 ne Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka ƙera a Faransa na'urar da ke ba mai nutso iska daga tukunya daidai da matsin ruwan da yake ciki. Daga nan wasan ya bazu, aka shiga neman hanyar koyar da shi. Ingila ta bi ta ƙungiyoyin sa-kai, inda aka kafa BSAC a 1953. Amurka ta bi ta kasuwa, musamman bayan John Cronin da Ralph Erickson sun kafa PADI a 1966, wadda ta zama babbar mai ba da katin shaidar nutso a duniya, kuma mafi yawan horonta a shaguna ake yin sa. Har yau babu dokar tarayya a Amurka da ta wajabta wa mai nutson nishaɗi mallakar lasisi. Abin da ake da shi al'ada ce ta 'yan sana'a: ba a cika wa mutum tukunya, ba a ba shi hayar kaya, ba a ɗauke shi a jirgi sai ya nuna katinsa. Ashe ke nan mutumin da ke bayan kanta shi ne mai gadin ƙofa, kuma aikin da hukuma ke yi a wasu fannoni shi yake yin sa a nan.

Abin da yake gadi ba ƙarami ba ne. Duk mita 10 da mutum ya sauka a teku, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar sararin sama baki ɗaya. A zurfin mita 30 matsin ya ninka na doron ƙasa sau 4, don haka iskar tukunya tana ƙarewa da saurin da ya ninka sau 4, kuma duk gubar da ke cikinta tana shiga jiki da wannan ninki. Gubar da aka fi tsoro ita ce kabon monoksayid, wadda ke cikin hayaƙin janareta da kan hallaka iyali a ɗaki rufe. Ba ta da wari, ba ta da launi. Idan bakin injin cika iska ya shaƙi hayaƙin mota, ko man injin ya yi zafi ya ƙone, ko an yi jinkirin canza matata, gubar tana shiga tukunya ba tare da kowa ya gani ba. Ƙa'idar Turai ta iskar numfashi ba ta yarda ta wuce kashi 5 cikin miliyan ba. Mai nutso ba shi da hanyar ganewa da ido ko hanci, sai dai ya dogara da cewa shagon yana aika samfurin iskarsa ɗakin gwaji a kan kari.

Haka abin yake ga sauran kayan. Ana cika tukunya da matsin da ya ninka na sarari kusan sau 200, shi ya sa a Amurka ake yi mata gwajin ƙarfi duk shekara 5, ake kuma leƙa cikinta duk shekara don neman tsatsa ko tsagewa. Na'urar numfashi tana da ƙananan zobban roba da ke lalacewa, sai an kwance ta an canza su lokaci-lokaci, kuma ƙwararre ne ke yin wannan. Kamfanin intanet zai iya aiko wa mutum sabuwar na'ura har ƙofar gida, amma ba zai aiko masa da iska ranar Asabar da safe ba.

Matsalar ita ce waɗannan ayyuka da rai ya rataya a kansu su ne mafi ƙarancin riba. Injin cika iska yana cin dubban daloli, ga wuta, ga matata, ga gwaji, amma kuɗin cika tukunya 'yan daloli ne. Horon farko ma, wanda a tsarin PADI ya ƙunshi darussa 5 a ruwa mai iyaka da nutso 4 a buɗaɗɗen ruwa, shaguna da yawa sun daɗe suna karya farashinsa don jawo ɗalibai. Lissafin shi ne ɗalibi zai sayi kayansa a wurin, ribar kayan ta rufe asarar iska da horo. Tsarin ya yi aiki muddin mai saye ba shi da wata kasuwa. Da intanet ta zo ta ɗauke cinikin kaya, sai ta bar wa ƙaramin shago ɓangaren da babu mai a cikinsa.

A nan ne wasu masu shaguna suka ɗauki hanyar da ba ta ɓulle ba. Maimakon su gyara farashi, sai suka koma neman biyayya da ƙarfin tsiya. Wani ya ƙi gyara na'urar da aka saya a wani wuri, wani ya ɗaure fuska ga ɗalibin da ya zo da tabarau na intanet, wani ya tsoratar da sabon shiga cewa duk kayan da ba nasa ba tarkon mutuwa ne. Wasu kamfanonin ƙera kaya sun ƙarfafa wannan ta hanyar taƙaita garanti ga abin da aka saya a hannun dillalansu. Wannan ɗabi'a tana da illa biyu. Tana korar mutanen da shagon ya fi buƙata, sannan tana zubar da darajar gargaɗi. Wanda aka taɓa tsoratarwa don a sayar masa da kaya, ranar da aka gaya masa gaskiyar cewa tukunyarsa ta yi tsatsa, zai ɗauka dabarar ciniki ce.

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma babu mai musun cewa fara'a tana riƙe abokin ciniki. Sai dai a wannan sana'a mafificin hidima sau da yawa kalma ce marar daɗi, wato “a'a”. Shagon kirki zai ƙi cika tukunyar da wa'adin gwajinta ya wuce, ko da ta tsohon abokin ciniki ce. Zai ce wa wanda ya rubuta ciwon zuciya ko asma a takardar lafiya ya je ya ga likita tukuna. Zai hana mai katin farko, wanda iyakarsa mita 18, bin tawagar da za ta sauka mita 30. Zai tuna wa baƙo cewa shawarar masana lafiyar nutso ita ce kada a hau jirgin sama sai bayan aƙalla awa 12 da nutso ɗaya, ko awa 18 idan an yi da yawa, saboda iskar naitirojin da ta narke a jiki na iya yin kumfa a jini. Kowace “a'a” daga cikin waɗannan asarar kuɗi ce ga shagon a ranar. Shi ya sa ta fi murmushi zama shaida, domin murmushi ba ya cin ko sisi.

Tarihin sana'ar ya nuna abin da ke faruwa idan ƙananan ayyuka marasa armashi suka faɗi. A ranar 25 ga Janairun 1998 wani jirgin nutso ya taso daga gaɓar Kwinsland a Ostireliya, ya koma tasha ya bar ma'aurata 'yan Amurka, Tom da Eileen Lonergan, a tsakiyar teku. Sai bayan kwana 2 aka gane babu su, da aka tsinci jakarsu a jirgin, kuma ba a taɓa samun su ba. Abin da ya gaza shi ne ƙidayar kawuna, aikin da ba ya ɗaukar minti 5. Bayan haka hukumomin jihar suka tsaurara ƙa'idar ƙidaya.

Darasi na biyu ya fi ɗaci ga masu ganin daɗewa tare ita ce tabbaci. A ranar 2 ga Satumban 2019 gobara ta tashi cikin dare a jirgin nutso mai suna Conception kusa da tsibirin Santa Kurus a Kalifoniya, mutum 34 suka mutu a ɗakin kwana na ƙasa. Kamfanin jirgin ya shekara da shekaru yana aiki, yana da suna a wurin masu nutson yankin. Binciken hukumar kula da haɗurran sufuri ta Amurka ya gano cewa babu mai sintirin dare kamar yadda doka ta tanada, kuma a 2023 kotu ta sami kyaftin ɗin da laifin sakaci. Sabo turken wawa ne idan ya hana mutum tambaya. Abokin ciniki na dindindin shi ya fi kowa damar cewa a nuna masa takardar gwajin iska, ko a gaya masa wanda zai kwana a farke, domin shi ne wanda ba a son rasawa.

Akwai hujjar da masu saye ke kawowa, kuma tana da nauyi. Suna cewa ba aikinsu ba ne su ceci kasuwancin da ya kasa tafiya da zamani, kuma babu dalilin biyan ƙari a kan tabarau iri ɗaya. Gaskiya ne. Babu wanda ake bi bashin sayen kaya da tsada. Amma hujjar tana da iyaka, domin araha ba ta ado. Wanda ya sayi komai a intanet, sannan ya yi tsaki idan an ƙara kuɗin iska ko na gyara, yana neman wani ya ci gaba da ɗaukar masa nauyin da ya daina biya. Idan shago ɗaya tilo na garin ya rufe, za a rasa injin iska da mai gyara da malami a rana ɗaya, kuma tafiyar awa biyu don cika tukunya takan sa mutane su jingine wasan gaba ɗaya.

Mafita tana hannun ɓangarorin biyu. Mai shago ya sa wa kowace hidima farashinta na gaskiya: iska ta biya kuɗin injinta, horo ya biya malami albashin da zai riƙe shi, gyara ya biya ƙwarewa. Ya karɓi kowace na'urar da yake da izinin gyarawa ba tare da tambayar inda aka samo ta ba, ya manna sakamakon gwajin iskarsa a bango, ya gaya wa ɗalibi abin da haya za ta wadatar da shi. Mai saye kuma ya sayi abin da ya ga dama inda ya ga dama, amma ya daina cin lokacin mai shago a kan kayan da ya riga ya ƙudura saye a wani wuri, ya kuma biya kuɗin iska da gyara ba tare da ƙunƙuni ba.

Wannan magana ta shafi har wanda zai yi nutso sau ɗaya a rayuwarsa, a hutu a Sharm al-Sheikh ko Zanzibar. A bakin irin waɗannan tekuna shaguna suna jere, kowanne da mai kiran baƙi da rangwamensa. Baƙo ba shi da shekarun da zai gwada su, amma yana da minti 10 na farko. Shagon da ya miƙo takardar lafiya, ya tambayi kati, ya tambayi yaushe rabon mutum da ruwa da kuma ranar tashin jirginsa, ya riga ya nuna halinsa. Wanda ya karɓi kuɗi bai tambayi komai ba shi ma ya nuna nasa, kuma komai sauƙin farashinsa, ba wurin da za a koma ba ne.