Dandalin Kasuwa: Dabarun Masu Hoto Na Suk al-Arabi

A wannan wata filin namu zai leƙa wata sana'a da yawancinmu muka ci moriyarta ba tare da mun tambayi sirrinta ba, watau wasan da masu ɗaukar hoto kan yi da idon mutane.

Duk wanda ya san Suk al-Arabi kafin yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023, ya san ɗakunan hoton da ke lungunan kewayen Babban Masallaci. Babban jarinsu labule ne mai zane: wani da lambu da ƙorama, wani da jirgin sama, wani da gidan bene. A gefe kuma ga agogo, ga tabarau, ga kwat, ga tarho wanda wayarsa ba ta haɗe da kome. Mutum ya shigo da ƙurar kasuwa a ƙafa, ya fita da hoton babban ɗan kasuwa yana amsa waya. Ba a nan kaɗai ake yin haka ba. A Bamako, Seydou Keita ya yi suna da ara wa mutane rediyo da babur su tsaya kusa da su, a Atbara kuwa marigayi Rashid Mahdi kan gyara fuska ya shafa wa hoto launi da hannu.

Dabarar da ta fi ba ni sha'awa ita ce ta fito da mutum guda sau biyu a hoto ɗaya, yana miƙa wa kansa hannu ko yana zuba wa kansa shayi. Tsofaffi da yawa sun ɗauka siddabaru ne, alhali kuwa baƙin kwali ne kawai. Mai hoto zai kafa kyamara a kan sandunanta don kada ta motsa ko kaɗan, ya rufe rabin idonta da kwalin, ya ɗauka. Sa'an nan mutumin ya koma ɗaya gefen, a mayar da kwalin kan rabin da aka riga aka ɗauka, a sake ɗauka ba tare da an juya fim ba. In kyamarar ta gusa ko da faɗin tsinke ne, sai tabarma ta fito a karye a tsakiya, asiri ya tonu.

Mai wayar hannu ma yana iya wannan yau. A buɗe wurin ɗaukar dogon hoto, wanda ake kira fanorama, yaro ya tsaya a hagu. Da wayar ta wuce shi, sai ya zagaya ta bayan mai ɗauka da gudu ya tsaya a dama. Shi ke nan, an sami tagwaye.

Akwai kuma ta ɗora ƙubbar Mahadi ta Omdurman a tafin hannu. Ido ba ya auna nisa a cikin hoto, girma kawai yake gani. To, sai mutum ya tsaya nesa da ƙubbar sosai, kamar taku uku daga mai ɗauka, ya buɗe tafinsa, mai ɗauka ya tsuguna yana gyara tsayuwarsa har gindin ƙubbar ya zauna daidai bisa hannun. A yi shi bayan la'asar, rana tana bayan mai ɗauka. Da tsakar rana kuwa, rawani kan jefa inuwa ya baƙanta fuska. Maganinta a ari tire wurin mai shayi, a riƙe shi ƙasa da haɓa ya mayar da haske sama. Amma don Allah a kiyaye: kada a nufi gada ko bariki ko shingen sojoji da kyamara, wasa zai iya komawa tsarewa.

Inda nake da magana shi ne hoton da ake aikawa gida. Mutanenmu sun daɗe a ƙasar nan, tun ma kafin masu hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 su kafa Mai Wurno, kuma da yawa hanyar Makka ce ta ajiye su, suka tsaya noman auduga a Jazira. Wanda ya shekara biyar bai aika ko sisi ba, kunya kan sa shi ya aika da hoton agogon aro. Can Kano ko Maraɗi ba wanda ya san labule ne. Sai wasiƙun roƙo su fara zuwa, ko ƙane ya sayar da akuyoyin uwarsa ya kamo hanya. Hoton tagwaye kowa ya gani ya san wasa ne, ya yi dariya. Na tarho da mota kuwa, sai a rubuta a bayansa cewa na mai hoto ne.

Abu na ƙarshe. Sojojin gwamnati sun karɓe Khartum a watan Maris 2025, amma kasuwar ta sha ƙuna da wawaso, kuma hotunan gidaje masu yawa sun salwanta. Labulen ƙarya ne, amma fuskar kaka da ke gabansa tata ce. Duk wanda ya tsira da irin waɗannan hotuna, ya shimfiɗa su a inuwa, ya kashe fitilar waya don kada ta yi ƙyalli, ya ɗauki kowanne gaba da baya, saboda sau da yawa a bayan ne hatimin mai hoto da kwanan wata suke. Sa'an nan ya tura wa 'yan'uwa biyu ko uku a garuruwa dabam-dabam.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.