Mai Libarba A Aljihu: Ya Shiga, Ko Ya Ja Da Baya?

A ƙasar Amurka doka ta yarje wa talaka ya mallaki bindiga. Tsarin mulkinsu ya tabbatar da haka tun 1791, kuma cikin 2022 Kotun Ƙoli ta yanke cewa mutum yana da ikon fita da libarba don kāre kansa. To, amma in mai libarba ya ga ana ta'adi a gabansa, shiga zai yi, ko kuwa ja da baya? Wannan shawara tasa ce shi kaɗai.

Masu cewa a shiga suna da hujja. Cikin watan Yuli na 2022 wani ya buɗe wuta a wata babbar kasuwa ta garin Greenwood, cikin Jihar Indiyana, ya kashe mutum 3. Wani saurayi mai shekara 22 ya zaro tasa ya harbe shi cikin daƙiƙa 15. Ba don shi ba, da Allah kaɗai ya san yawan waɗanda za su halaka.

Amma fa ba kullum take ƙarewa haka ba. Cikin 2014, a Las Vegas, wani miji da matarsa suka kashe 'yan sanda 2, suka faɗa kantin Walmart. Wani mai sayayya ya tunkari mijin da libarba, bai san tare suke ba, sai matar ta harbe shi. Cikin 2021 kuma, a garin Arvada na Jihar Kolorado, wani ya kashe ɗan sanda. Wani bawan Allah ya harbe mai kisan, sa'an nan ya ɗauki bindigarsa. Ɗan sandan da ya iso ya gan shi riƙe da ita, ya zaci shi ne mai laifi, ya kashe shi.

Har ila yau, a Tucson cikin 2011, ranar da aka harbi 'yar majalisa Gabrielle Giffords aka kashe mutum 6, wani ya sheƙo da libarba a aljihu, ya iske wani riƙe da bindiga. Ashe ƙwace ta aka yi daga hannun mai kisan. Da ya yi gaggawa, da ya kashe marar laifi.

Watau dai abu uku ne mai shiga ba ya da tabbacinsu: wane ne mai laifin, ko shi kaɗai ne, kuma yaya hukuma za ta ɗauke shi in ta iso. Ɗan sanda yana da kaki, da horo, da abokan aiki. Talaka kuwa ba abin da ke bambanta shi da mai laifi a idon wanda ya zo daga baya. Bayan haka ga alƙali yana jira, gama galibin dokokinsu ba su halatta kisa don tsare dukiya kawai ba, sai don tsare rai.

Saboda haka, a ganinmu, kada mutum ya zaro makami sai ya ga farkon al'amarin da idonsa, kuma rai ne ke cikin haɗari a wannan lokacin. In ba haka ba, ya fid da iyalinsa, ya kira 'yan sanda, ya tsaya ya ba da shaida. Wannan ba ragwanci ba ne, gama harsashi in ya fita ba ya komowa.