Uwar bakwaini ma uwa ce

Kwanan baya wata mai sayar da atamfa ta kira ni a shirinmu na rediyo. Ta haifi bakwaini, ya kwana uku ya koma. Maza suka kai shi makwancinsa tana kan gadon asibiti. Ba suna, ba zaman makoki, sai “ki yi haƙuri, Allah zai ba ki wani”. Ta ce abin da ya fi ci mata rai, ko ƙyallen da aka naɗe shi ba a bar mata ba.

Ba ita kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 jarirai miliyan 13.4 aka haifa kafin ciki ya cika sati 37.

A Amurka, a jihar Texas, wata ƙungiya mai suna NICU Helping Hands ta soma wani aiki a 2013: mata suna ba da rigunan aurensu, masu ɗinki su mai da su ƴan riguna na binne jariran da suka rasu, a ba iyaye kyauta. Mu kam likkafani ya ishe mu, ba rigar binnewa nake nema ba. Abin koyi shi ne, an tuna da uwar.

Ku ƴan kasuwar Dole ta Damagaram da babbar kasuwar Maradi, guntayen yadi nawa ake sharewa daga shagon tela kowace yamma? Ku tara masu laushi, a ɗinka ƴan huluna da zannuwa ƙanana, a wanke, a kai wa ungozomomi. Bakwaini sanyi ne babban abokin gabansa, hula tana tsare masa ɗumi. In ya rayu, alhamdu lillahi. In Allah ya karɓi abinsa, a miƙa wa uwar hular ta ajiye cikin akwatinta.

Wasu za su ce wannan fama gyambo ne. To, wadda ba ta so, kada a tilasta mata. Amma haƙuri bai ce a manta ba, kuma shirun da muke yi bai taɓa warkar da kowa ba.

Hajiyoyina, ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. Gobe in kun buɗe rumfa, ku fara ware ƙyalle ɗaya. Allah ya ba iyayen da suka rasa dangana, amin.